AUX na motata na kuka kamar sauro in na taka totur, mi ka kawo shi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an tashi lahiya, ya zahi. Don Allah masu sanin wayarin na mota ku taimaka min da shawara tun kahin in je in zubar da kuɗɗina a banza.

Camry masul gare ni ta 2007, 'yar Kwatano, shekara biyu kenan tana hannuna amma wallahi ban taɓa sanin tana da ramin AUX ba sai watan jiya da babban yarona yab buɗe ɗan akwatin nan na ƙasan rediyo inda wurin caja yake yac ce Baba ai ga wurin jona waya nan. Ni da CD nika amfani, to kun san CD da hanya, kusan duk sati ina zuwa Illela harkar albasa, da taya ta faɗa rami sai faifai ya yi tsalle karatu ya koma baya, kuma rabinsu duk rana ta lanƙwasa su cikin mota sun koma kamar marfin tukunya.

Sai nit tahi Bello Way nis sayo igiyar AUX, mai shago yac ce ita ta orijina. Ran da nig gwada ƙofar gida, injin a kashe makulli kawai nim murɗa, sauti tas kamar malamin na zamne kusa da ni. Amma ran da nik kama hanya matsala biyu sunka hito. Ta farko wani kuka na siriri, iiiiii, kamar sauro ya shige maka kunne, in na taka totur ya yi sama, in na ɗaga ƙafa ya sauko, in giya ta canza shi ma ya canza murya. Ta biyu kuma wani lokaci muryar malam sai ta ɓace ko ta koma kamar daga cikin rijiya yake magana, sai na ɗan jawo kan igiyar waje kaɗan ko na murza shi sannan ta dawo, kuma ai mutum ba ya tuƙi tun daga Kware har Gwadabawa hannu ɗaya na riƙe da igiya.

Na kai ma wani rewaya nan unguwarmu, ko tada motar bai yi ba yac ce rediyo ya mutu, a cire shi a sa irin na Android mai allo, yaf faɗi kuɗɗin da sai da nig gyara zama. Ni raina bai kwanta ba don CD da tashoshin rediyo duk suna yi lahiya lau babu kuka ko kaɗan. Wayata Tecno ta kuma tana da ramin iyafis. To laihin igiya na, ko na rediyo, ko na waya? Na gode Allah shi saka da alheri.

Direban Sharan:

Alhaji rabu da wahalar igiya. Sayi modileta, 'yar na'urar nan da ka tura sautin waya ga rediyo ta FM, ka soka wurin caja ka huta, mu da muka kwana bisa hanya shi muka amfani da shi, igiya ko wace iri ta ba ta wata uku hannun fasinja. Amma dai kada ka yarda a cire maka rediyon mota na asali, wanda duk yac cire sai ya yi kewa tai.

Rewayan Buzaye:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bari kowa ya sa sukudireba ga rediyon nan tukuna. Tambaya guda za ni yi maka kuma na kusa rantsewa na san amsar: lokacin da kukan ga ka tashi, wayar na jone ga cajar mota ko a'a? Don ka ce ƙofar gida ba ta yi ba sai bisa hanya, mutum kuma in za shi doguwar tahiya abu na farko da shika yi shi na soka waya ga caja.

Bari in yi maka bayani yadda nika yi ma yarana a gareji. Altaneta ba irin wutar batir taka haihuwa kai tsaye ba, wuta mai kai da komo taka yi irin ta NEPA, sai wasu diyod da ke cikinta su miƙe ta ta koma irin ta batir, wajen bolt 14 in injin na aiki. To miƙewar nan ba ta yin sumul, akwai ɗan kaɗawa da ka saura cikin wutar, kuma gwargwadon gudun injin gwargwadon saurin kaɗawar, shi yas sa kaka jin kukan na bin totur kamar ɗan akuya da uwatai. Shi rediyo an yi shi da matatar da ka tace wanga datti, shi yas sa CD da tasha ba su kuka. Amma da zaran ka sa waya ga caja kuma ka jona ta ga AUX, wayar ta samu hanya biyu ta zuwa jikin ƙarfen mota kenan, guda ta igiyar caja guda ta igiyar AUX, sai dattin wutar ya zagayo ya biyo igiyar AUX ya shiga rediyo ta ƙofar da babu mai gadi. Ita ko amfilifaya ba ta san wane na karatu wane na datti ba, duk abin da anka miƙa mata ƙara mai ƙarfi taka yi ta tura ma sifiku.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Tada mota kana tsaye, giya na fakin, sa AUX, tsayar da karatun yadda babu abin da ka hita, ƙara boliyom na rediyo har ka ji kukan sosai, taka totur kaɗan, sannan ka zare caja daga wayar. In ya ɗauke kamar an yanka to magana ta ƙare, rediyonka lahiyatai lau.

Maganin kuma ya danganta ga aljihunka. Ko dai ka cika waya da caji tun gida ka tahi babu caja, Illela ai ba nisa ta da za ta cinye batir. Ko ka riƙa cajinta da fawa banki wanda bai jone ga mota, tunda shi ba ruwanai da altaneta. In kuma lalle kana son cajar mota akwai wani ɗan abu da aka cewa aisoleta, bisa kwalinai za ka ga an rubuta ground loop isolator, bai kai akwatin ashana girma ba, rami gefe guda igiya gefe guda, kana sa shi tsakanin waya da ramin AUX. Ba ya son batir ba ya son komi, 'yan ƙananan taransifoma biyu ad ciki, sauti na ƙetarewa amma wutar ba ta samun hanyar wucewa. Gaskiya dai masu arha na ɗan rage nauyin ganga, mai jin kiɗi zai lura, amma kai da karatu kaka ji ba za ka gane bambanci ba.

Wani abu koma, cajojin nan na bakin titi masu walwali suna da nasu kukan daban, shi wani shhhh na ko tsit-tsit wanda ba ya bin totur, yana nan yadda yake ko injin na gudu ko ba ya yi. In irinai kaka ji to caja kawai za ka canza.

In ko ka zare caja kuma kukan na nan, sannan na za mu duba mota: wayar at (earth), wato ta negetif ɗin batir, inda anka ɗaure ta ga bodi ko ta yi tsatsa ko ta saki, da ta bayan rediyo, in duk lahiya sai a auna altaneta ko diyod guda ya ƙone. Amma tunda CD bai kuka ban tsammanin za mu kai can.

Kuma wanda yac ce maka rediyo ya mutu bai tada mota ba, ban san shi ba ba ni zagin ɗan uwan sana'a, amma ko likita sai ya taɓa jikin mutum.

Ɗalibin Danfodiyo:

Oga Rewaya ya gama da maganar kuka, Allah ya ƙara basira, ni bari in ɗan taɓa ta biyun wato muryar da ke komawa kamar cikin rijiya don ni ma ta taɓa ba ni wahala a motar yayana.

Baba Alhaji don Allah ɗauko igiyar ka dubi bakin ƙarfen da ake sokawa, wanda ake kira 3.5 saboda kaurinsa milimita 3.5 ne. Za ka ga wasu zobba na roba baƙaƙe ko farare sun raba ƙarfen gida-gida. Ƙirga su. In zobe biyu ne to ƙarfen ya rabu uku, tsinin na sifikun hagu, na tsakiya na dama, na gindi kuma shi ne at wanda su biyun suke komawa ta kansa. Wannan ita ce igiyar da ramin mota yake so. In kuma zobe uku ne to ya rabu huɗu, an ƙara gidan makirfo, irin na iyafis ɗin da ake amsa kira da shi. A yawancin wayoyin yanzu jerin shi ne hagu, dama, at, sannan makirfo a can gindi. To ramin motarka harshe uku gare shi a ciki, kuma harshen at ɗin yana iya sauka a kan gidan makirfo ko a kan zoben robar maimakon gidan at na gaskiya, ya danganta da yadda aka ƙera ramin.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne in at ya kuɓuce sautin ba ya mutuwa gaba ɗaya, abin da ke fitowa shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai. Duk abin da yake iri ɗaya a ɓangarorin biyu sai ya cinye juna. Murya kuma kusan kullum a tsakiya ake ajiye ta, daidai wa daida hagu da dama, shi ya sa ita ce ke fara ɓacewa a bar ka da amsa-kuwwa. A waƙa za ka ji kiɗa na tashi sama-sama mawaƙi ya yi nisa, a karatu ko wa'azi kuwa da murya ce kaɗai kusan komai ke tafiya. Da ka ce in ka jawo kan igiyar waje kaɗan tana dawowa sai na ce lallai wannan ne, don jawowar ce ke dawo da harshen kan gidan da ya dace.

Masu shago da yawa ba mugunta ba ce, gani suke mai zobe uku ta fi mai biyu tunda ta fi yawa, sai su ce ita ce orijina.

In ka ƙirga ka ga biyu ne to duba rigar wayar. Wasu riguna masu kauri suna tokare wuyan igiyar ba ta shiga har ƙarshe, saura ɗan kaɗan wanda ido ba ya gani amma ya isa ya ɓata sauti. Cire rigar ka soka har ka ji ɗan ƙas. Sai kuma ƙura, mu nan da hunturu ya wuce duk wani rami ya cika, ga zaren aljihu da ke dunƙulewa a can ƙasan ramin waya. Kashe wayar ka sa tsinken sakace a hankali ka zaƙulo, banda allura banda fil. Ramin motar ma da ya yi shekaru ba a taɓa soka masa komai ba ai sai abin da aka gani.

Ɗan Mabera:

Kai jama'a ilimi kogi na. Oga Rewaya wallahi kamar kana cikin motar, caja na jone kullum don batirin wayar ya fara tsufa. Ɗana ɗalibi na ɗauko igiya na ƙirga, zobe ukku na cif, Allah shi yi maka albarka. Yamma ta yi yanzu, gobe in sha Allahu in na hito masallaci za ni gwada na caja sannan in koma in canzo igiyar.

Tunda an taru bari in ƙara da wata. Uwargida ta ce ita ma tana son ta riƙa sa nata in za mu Birnin Kebbi wajen 'yan uwa, amma wayatta Samsung ta wadda ƙanenta ya aiko mata, na juya ta sama da ƙasa babu ramin iyafis sam sai na caja. Ita ƙaƙa za a yi da ita?

Ɗalibin Danfodiyo:

Amin Baba na gode. Ai manyan wayoyi sun daɗe da zubar da ramin, Apple suka yi abin ya zama yayi tun iPhone 7 a 2016, Samsung ma daga Note 10 a 2019 suka fara cirewa a manyan nasu, yanzu har wasu matsakaitan ba su da shi. Tecno da Infinix da itel ne yawancinsu suka riƙe mana.

Akwai 'yar guntuwar adafta, gefe ɗaya Type-C gefe ɗaya ramin 3.5, amma a nan ake cin kuɗin mutane domin iri biyu ce kuma a ido kamarsu ɗaya. Ɗaya waya ce zalla a ciki, tana jiran wayar salula ta turo sauti a shirye. Ɗayar kuma tana da ɗan ƙaramin cif da ake kira DAC wanda shi ke mayar da lambobin da ke cikin waya su zama sautin da sifika ke ganewa. Samsung marasa rami mai DAC suke so, in ka sa musu marar shi sai su rubuto cewa ba su san na'urar ba ko su yi shiru abinsu sauti ya ci gaba da fita ta sifikar wayar. Don haka a tafi da wayar Hajiya shagon a gwada a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi. Kuma a sani tunda ramin ɗaya ne ba caji lokacin da ake ji, sai in an sami mai baki biyu, wadda ita kuma za ta iya dawo da kukan da Oga Rewaya ya yi bayani.

Hajiyar Arkilla:

Sannunku da ƙoƙari, ku yi haƙuri in shigo da tawa cikin ta Alhaji. Ni Honda gare ni EOD ta 2004, akwai maɓallin da anka rubuta CD/AUX amma na duba ko'ina har cikin akwatin hannu babu rami, yaran gida ma sun duba. Da azumin bana nis so in riƙa jin tafsirin da nika saukewa a waya in za ni aiki, ƙarshe sai dai in aje wayar cikin wurin kofi in ƙure ƙara, in AC na aiki ba ka jin komi. Akwai dabara ko sai canza rediyo? Don an ce min na motar ga haɗe yake da na AC ba ya ciruwa da sauƙi.

Direban Sharan:

Hajiya ke kam modileta ta taki, shi nika faɗi tun farko anka share ni. Kina soka shi wurin caja, ki haɗa shi da waya ta Bluetooth ko ki sa mai memori ko filashi, shi kuma ya zama kamar 'yar ƙaramar tashar FM cikin motar, ki kamo lambar da kinka sa mai ga rediyo shikenan.

Amma akwai sirrin da sai wanda ya daɗe da shi ka sani. Kada ki aje shi kusa da lambar wata tasha ta gari, Rima ko Garkuwa ko Vision, don sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba za su danne shi ki riƙa jin labarai na shigowa cikin tafsiri. Ki bi rediyo a hankali har ki samu wurin da babu komi sai shuuu, galibi can ƙasa wajen 87 da 88 ko can sama wajen 107, sai ki kai modileta nan. Kuma motocin da anka yi ma Amurka, EOD da yawa irinsu na, rediyonsu ba ya tsayawa sai ga lamba mai ƙarewa da mara, 87.9, 88.1, 88.3 haka, in kinka sa modileta 88.0 ko 88.2 ba za ki taɓa kama shi tas ba, za ki ce jabu anka sayar miki alhali lamba ta. Na taɓa maida guda biyu shago kan haka kahin wani yaro ya nuna min, kunya kamar in nutse.

Aibinai guda wanda ba ni ɓoyewa, lambar da ta yi tsit cikin Sakkwato ba lalle ta yi tsit wani gari ba. Ni da nika yin Illela, da an kusa boda sai tashoshin Nijar na Ƙonni su fara kutsowa, sai ka ji Faransanci bisa waƙarka dole ka sake lamba. Amma ke da aikinki cikin gari na wanga bai dame ki ba.

Rewayan Buzaye:

Direba ba a share ka ba, gaskiya kaf faɗi, sai dai Alhaji na da rami a motatai, mai rijiya a gida ai ba ya sayen ruwan garuwa. Sautin igiya ya hi na modileta tsabta ko da wane lokaci don shi sai ya bi iska ya je eriya, eriyar waɗanga motoci kuma cikin gilashin baya take, in an taɓa canza gilashin ko zaren ya katse sai ka ji shuuu ƙarƙashin sauti.

Hajiya gaskiya anka gaya miki, rediyon EOD haɗe yake da na'urar AC fuska guda, cire shi aiki na babba kuma ban ba ki shawara. Amma maɓallin nan da kinka gani ba ado na ba. Bayan rediyon akwai wani soket da kamfani yab bari don a jona mai canza faifai, wato CD canja, to akwai adafta da anka yi musamman wadda ka shiga soket ɗin ta yi ma rediyo ƙaryar cewa ita CD canja ta, sai ta hito miki da igiyar AUX, wasu ma da Bluetooth da wurin filashi. Ana cire ɗan akwatin ƙasan rediyo a miƙa hannu a soka, ba a yanka waya ko guda, in ba ki so gobe a zare. Sai dai ki tabbata ta Honda ta ta wagga shekara, don ta Toyota bakinta daban kuma su kansu Toyota iri biyu gare su. Ta hi modileta tsada kuma ba kowane shago ka aje ta ba wani lokaci sai an yi oda daga Kano ko Legas. In kina son abin da za ki sa yau ki ji yau bi shawarar direba, in kina son mai kyau na dindindin ki jira adafta.

Masu tsohin motoci masu kaset, Golf da 406 da Camry fensir, ku naku ya hi na kowa sauƙi, kaset ɗin nan mai igiya a wutsiya. Babu zare cikinai, kai na irin na rediyo ad ciki wanda ka manne ma kan rediyon ya miƙa mai sauti. Ku goge kan da auduga da ɗan sifirit tukuna. In yana ta juyawa gefe zuwa gefe yana tofo shi waje, 'yan giyoyin roba na ciki na sunka cije.

Alhaji na manta ban gaya maka ba, boliyom na waya ka kai shi sama kamar kashi huɗu cikin biyar, sannan ka riƙa ƙarawa da ragewa ga rediyo. Mutane na barin waya ƙasa su ƙure rediyo, to duk wani ɗan datti da ke cikin igiya shi kaka ƙara ma ƙarfi, kuma ran da ka manta ka koma FM sai sifika ta kusa tsage maka kunne. Kada kuma ka ƙure wayar har ƙarshe, wasu na fara karkarwa.

Ɗalibin Danfodiyo:

Ƙarin bayani ga Hajiya in za ki sa filashi ko memori a modileta. Karatun da ake turowa a WhatsApp a matsayin saƙon murya ba MP3 ba ne, wani tsari ne da ake kira opus, yawancin modileta da rediyon mota ba sa karanta shi, za ki kwafa ki ga fayil na nan amma su ce babu komai. Sai an juya shi zuwa MP3, ko kuma ki kunna daga wayar ta Bluetooth wannan ba ruwansa da tsari. Filashin ma wanda bai wuce 32GB ba ya fi zama lafiya don manyan suna zuwa da exFAT su kuma na'urorin nan FAT32 suka sani.

Kuma don Allah duk abin da ke da batir a ciki, fawa banki ko 'yar na'urar Bluetooth mai caji, kada a bar shi kan dashbod. Watan Afrilu a garin nan inuwa ma tana haura digiri 40 balle mota a rufe a rana. Ta abokina a hostel kumbura ta yi har murfin ya ɓalle.

Hajiyar Arkilla:

Na gode ƙwarai Allah shi biya ku. Ashe shi yas sa filashin da ɗiyata tac cika min bai yi ba a motar maigida, muna ta zargin filashin. Za ni fara da modileta in gani.

Ɗan Mabera:

Salamu alaikum, na dawo da rahoto kamar yadda niy yi alkawari. Jiya da sahe na yi gwajin Oga Rewaya, na taka totur kukan na tashi nis sa yaro ya zare caja, ɗif, kamar an toshe bakin sauron. Nis sa ya mayar, ya dawo. Sau ukku muna yi yaron na ta dariya.

Igiya kuma na koma shagon, da farko yaron shago ya tsaya gardama wai mai ukku ta hi tsada ƙaƙa za ni canza da mai arha, nic ce ni dai ba ni mai biyu ka riƙe canjin. Mun hito tare har mota munka gwada gabanai, murya tas ko an girgiza igiyar. Kuma da nis sa tsinke ramin wayar abin da nih hiddo ya kai ƙwayar gero biyu, har da ɓawon albasa wallahi.

Yau na je Illela na dawo da fawa bankin yarona cikin akwatin hannu, tun daga gida har kasuwa ban taɓa igiya ba ko sau guda, na sa karatun ya yi ta bi da kainai don kada in riƙa latsa waya bisa hanya, ko ba don 'yan Rod Sefti ba titin nan da manyan motoci ba wurin wasa na ba.

Saura aisoleta, don yaron na son abinai. Na tambaya shago huɗu ba wanda ya san shi, wani har ya miƙo min adaftar Type-C. Oga Rewaya ina aka samunai nan garin?

Rewayan Buzaye:

Madalla Alhaji. Masu kayan waya ba su cika saninai ba, wajen masu haɗa sifiku da amfilifaya na mota za ka tambaya, can wajen Sahara. Kada ka tsaya faɗin suna, nemo hotonai a waya ka nuna musu, kuma ka ce mai bakin 3.5 kaka so don akwai mai jan baki da fari na amfilifaya, shi ba ya shiga ramin Camry. In ba ka samu ba ka yi min magana ran Asabar akwai yaron da za ni aika Kano sayen kaya sai ya haɗo da shi.